Darash: Kalmar Ibrananci da ta haɗa nema da bin bashi da darasi

Duk wanda ya taɓa zama a aji a ƙasar Hausa ya san kalmar "darasi". Malami na bayar da shi, ɗalibi na ɗauka, 'yan siyasa kuma na yi wa juna alkawarin koyar da shi ranar zaɓe. Cewa daga Larabci aka aro ta ba ɓoyayyen abu ba ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana da 'yar uwa a tsohon Ibrananci, harshen littattafan da Yahudawa ke kira Tanak, Kiristoci kuma suke kira Tsohon Alkawari. Sunan 'yar uwar "darash", kuma a mafi tsufan rubuce-rubucen ba karatu take nufi ba. Nema take nufi, amma wani irin nema na daban, wanda mai dogaro da fassara kaɗai kan wuce shi bai lura ba.

Matsalar daga faɗin kalmar "nema" take tasowa. Bahaushe na neman akuyar da ta ɓata, yana neman aure, yana neman kuɗi, yana neman gafara, wani ma yana neman magana. Tsohon Ibrananci ya raba mafi yawan wannan aiki tsakanin aikatau biyu. Ɗaya shi ne "biƙƙesh", wanda ya zo kusan sau 225 a cikin littattafan. Ɗayan shi ne darash, wanda ya zo kusan sau 165. A fassarori da dama sukan fito da kalma guda, sai mai karatu ya ɗauka marubucin abu ɗaya ya faɗa sau biyu.

Wurin da ya fi fito da bambancin shi ne littafin Sama'ila na farko, sura ta 28, aya ta 7. Littafin ya ruwaito cewa Saul, sarkin farko na Bani Isra'ila, ya ga rundunar Filistiyawa ta ja daga, tsoro ya kama shi, ya kuma rasa amsa ta duk hanyoyin da ya saba bi. Sai ya umarci bayinsa su samo masa mace mai sana'ar kiran matattu, domin ya je wurinta ya ji abin da ke tafe. A jimla guda ya yi amfani da kalmomin biyu. Aikin da ya ba bayin, wato su bazama su gano inda irin wannan mata take, da biƙƙesh ya faɗe shi. Abin da shi kansa zai yi idan ya isa gabanta kuwa darash ne. Na farko ya ƙare da zarar an gano tana garin En-dor. Na biyu daga nan ya fara.

To, biƙƙesh neman abin da ba ya hannu ne, ko abin da ba a san inda yake ba. Shi ne aikin Yusufu lokacin da yake yawo a saurar Shekem yana cigiyar 'yan uwansa, a Farawa sura ta 37. Shi ne aikin Saul tun yana saurayi, da mahaifinsa ya tura shi bin sawun jakunan gidansu da suka ɓata. Idan aka ce wani yana neman ran wani, ko talakawa na neman ganin fuskar sarki, ko Fir'auna ya nemi kashe Annabi Musa (AS), duk da shi ake faɗa. Shi kuwa darash, galibi an san inda abin nema yake. Wuri ne da ake zuwa, ko mutum da ake tsayawa gabansa, ko magana da ake tonawa. Abin da ake so a samo shi ne amsa, ko gaskiyar lamari, ko haƙƙi. A wannan labari na jakuna, sura ta 9, marubucin ya tsaya ya yi bayanin yadda mutanen da ke cewa idan za su je wurin annabi da tambaya, kuma a nan darash ya sa.

Sai dai bai kamata a mayar da bambancin katanga ba, kamar yadda wasu masu wa'azi ke yi idan sun samu ƙamus. Kalmomin suna shiga gonar juna. A littafin Ezekiyel sura ta 33, inda ake maganar mai tsaron gari da ya ga abokan gaba bai busa ƙaho ba, aya ta 6 ta yi amfani da darash wajen cewa za a bi shi jinin wanda ya mutu, aya ta 8 kuma ta faɗi kusan wannan maganar da biƙƙesh. A waƙoƙi ma, inda al'adar Ibrananci ita ce a faɗi abu a layi ɗaya a sake shi da wata kalma a layi na biyu, sau da yawa an jera su ne don su yi wa juna rakiya. Bambancin na inda kowacce ta fi karkata ne.

Baƙaƙe uku

Wanda ya ɗan taɓa nahawun Larabci ba zai sha wahalar gane ginin kalmar ba. Harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne, kuma dukkansu a kan saiwar baƙaƙe uku suke gina kalma, wasula da ƙananan ɗafe-ɗafe su yi sauran aikin. Saiwar darash ita ce dalet da resh da shin, wato d, r, sh. Ta Larabci dal ce da ra da sin. Sauyin "sh" da "s" ba abin mamaki ba ne, don haka yake a kalmomi da yawa: shalom da salam, nefesh da nafs, shana da sana.

Darash yana nufin "ya nema". Idan mace ce, darsha. Mai magana zai ce darashti, kamar yadda Balarabe ke cewa darastu. Aikin da bai kammala ba, ko wanda zai zo, yidrosh ne, takwaran yadrusu. Mai aikatawa doresh, takwaran daris. Umarni ga mutum ɗaya derosh, ga jama'a kuma dirshu, kuma wannan siga ta jam'i ce annabawa suka fi ɗaga murya da ita. Abin da aka nema darush ne, na mace derusha, sunan da littafin Ishaya, a sura ta 62, ya ce za a kira birnin Urushalima da shi, wato wadda ake kula da ita, ba yasasshiya ba.

Ibrananci na da manyan ma'aunai bakwai da ake zuba saiwa a ciki, kowanne na juya ma'anar ta wata fuska. Ɗaliban Hausa za su tuna da rukunan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, waɗanda ke bambanta nema da nemo da nemu. Daidaituwar adadin dace ne kawai, amma dabarar ta yi kama. Daga cikin bakwai ɗin, darash a biyu kaɗai ya bayyana: a Ƙal, wanda shi ne mafi sauƙi, da kuma Nifal, takwaran infa'ala na Larabci, inda bai kai sau goma ba. Biƙƙesh kuwa a ma'aunin Fi'el yake, mai shadda a baƙin tsakiya kamar fa''ala, sai sau uku da ya zo a sigar abin da aka yi wa aiki. An sha jin masu cewa tun da shadda na nuna ƙarfi, biƙƙesh ya fi darash zafin nema. Hujjar ba ta da nauyi. Saiwar biƙƙesh ba ta da sigar Ƙal a littattafan balle a kwatanta a ce ga mai sauƙi ga mai ƙarfi. Haka kalmar ta zo da shaddarta.

Idan Ibrananci na son ƙarfafa aikatau, wata hanya yake bi: ya kawo sunan aikin ya jera shi da aikatau ɗin, kwatankwacin maf'ulul muɗlaƙ na Larabci, ko yadda Bahaushe ke cewa "nema kam ya nema". Misalin da ya fi shahara yana Littafin Firistoci, sura ta 10, aya ta 16, inda Annabi Musa (AS) ya bi ba'asin wani bunsurun hadaya, ya tarar an ƙone shi maimakon firistoci su ci namansa kamar yadda aka umarta. Sigar da aka yi amfani da ita ita ce darosh darash. Tsoffin malaman Yahudawa, a Talmud, sun ce waɗannan kalmomi biyu su ne tsakiyar Attaura idan aka ƙirga kalmominta, ɗaya ta rufe rabin farko, ɗaya ta buɗe na biyu. Masu ƙirga na baya-bayan nan sun samu tsakiyar ta ɗan gabaci wurin, amma zancen ya zauna, don ya yi wa malaman daɗi a ce cibiyar littafinsu bincike ce.

Ƙaramin harafin da ke biye

Inda mai fassara ya fi zamewa shi ne kan ɗan harafin da ke bin darash, irin waɗanda masu nahawun Larabci ke kira haruffan jarri. Harafin ne ke nuna ko tambaya ake yi, ko bauta, ko bin bashi.

Idan aikatau ɗin ya faɗa kai tsaye kan sunan Allah, a tsofaffin labarai ma'anar ita ce zuwa wurin annabi da wata tambaya takamaimai. Haka Rifkatu ta yi a Farawa sura ta 25, da 'yan biyun da ke cikinta suka dame ta da kokawa. Haka jama'a ke yi wa Annabi Musa (AS) layi daga safe zuwa yamma da ƙararrakinsu, a Fitowa sura ta 18, har surukinsa ya ba shi shawarar ya naɗa mataimaka. Idan "be" ya biyo, wanda yake daidai da "bi" na Larabci, ana nufin wanda aka bi ta kansa don samun amsar. Sarki Ahaziya, da ya faɗo daga bene a Samariya, ya aika a tambayo masa Ba'al-zebub, gunkin garin Ekron, ko zai tashi, kuma da wannan harafi aka faɗa. Da shi aka kuma faɗi laifin Sarki Asa, wanda ciwon ƙafa ya kama a shekara ta 39 ta sarautarsa, ya kai darash ɗinsa wurin masu magani ya bar Ubangijinsa. Harafin "el", wato "ila", shi ne wanda aka sa a dokar da ta haramta zuwa wurin matattu da tambaya. "Be'ad" na nufin a madadin wani.

Sai kuma "miyyad", wato "daga hannun". Da zarar ya bayyana, zancen tambaya ya ƙare, an shiga na alhaki. A Farawa sura ta 9, aya ta 5, cikin jawabin da aka yi wa Annabi Nuhu (AS) bayan ruwan ɗufana, darash ya zo sau uku a aya guda, duka a kan jinin ɗan Adam, cewa za a bi shi a hannun duk wanda ya zubar, dabba ce ko mutum. Da 'yan uwan Yusufu suka shiga tsaka mai wuya a Masar, babbansu ya tuna masu abin da suka yi wa yaron, ya ce jininsa ne ake bin su, da sigar nidrash. Wani firist mai suna Zakariya ɗan Yehoyada, wanda ba shi ne mahaifin Annabi Yahaya (AS) ba, an jefe shi a harabar Haikali bisa umarnin Sarki Yowash, kuma kalmarsa ta ƙarshe, a Tarihi na biyu sura ta 24, ita ce yidrosh: roƙo ne cewa Allah Ya bi kadinsa. Wanda ya yi bakance ya ƙi cikawa, Maimaitawar Shari'a sura ta 23 ta ce za a bi shi, da waccan siga mai ninki.

Ezekiyel sura ta 34 ce ta fi tara fuskokin kalmar wuri guda. Ana kwatanta masu mulki da makiyaya da suka sha nono suka yanka masu ƙiba suka bar garke ya watse a kan duwatsu, babu mai darash, babu mai biƙƙesh, wato ba mai tambayar halin da tumakin ke ciki, ba kuma mai fita nemo su. Ayoyi kaɗan bayan haka aka ce Allah zai yi darash na garken daga hannun makiyayan, ma'ana za su ba da lissafi. A aya ta gaba kuma aka ce zai yi darash na garken da kanSa, babu "daga hannu", ma'ana zai kula da su. Aikatau ɗaya ne, garke ɗaya, ɗan harafin ne ya raba tuhuma da kulawa.

A nan za a ga cewa "nema" ba kullum ce ta fi dacewa da darash ba. Hausa na da wata kalma da ta fi kusa da shi, ita ce "bi". Ana bin bashi, ana bin kadi, ana bin ba'asi, ana bin diddigi, ana bin malami. Dukkansu akwai wanda aka nufa, akwai kuma naci. Lokacin da Amos, a sura ta 5, ya yi kira ga mutanen masarautar arewa su yi darash na Ubangiji su bar zarya zuwa wuraren ibada na Betel da Gilgal, ba yana nufin Ubangiji ya ɓace masu ba. 'Yan ayoyi kaɗan bayan haka ya sake umarnin da kalmar "alheri" a gurbin sunan Allah, ya haɗa shi da tsayar da adalci a ƙofar gari, inda ake yanke shari'a. Ishaya ma, a surarsa ta farko, ya sa "adalci" a matsayin abin da za a yi wa darash, ya ambaci maraya da gwauruwa. Irmiya kuwa, a wasiƙar da ya aika wa waɗanda aka kwasa zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya umarce su da su yi darash na zaman lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi. Abin nufi su sa ido a kan lafiyar garin kamar masu hannun jari a cikinsa, tun da tasu lafiyar a cikin tasa take.

Sigar Nifal, duk da ƙarancinta, tana da abin lura. A wasu wurare ma'anarta "an nema" ce kawai. Amma idan Allah ne ke magana, tana nufin yarda a neme shi. Ma'aikacin da ya taɓa zuwa ofis aka ce masa yau shugaba ba ya ganuwa ya san wannan nahawu, haka wanda ya ji an ce wane ba ya roƙuwa. Ba wai ba a gan shi ba ne ko ba a roƙe shi ba, shi ne bai ba da ƙofa ba. A Ezekiyel sura ta 14 da ta 20, dattawa sun zo sun zauna gaban annabin da tambayarsu, aka mayar masu da amsa da wannan siga cewa ba za a nemu gare su ba. A sura ta 36 aka juya maganar, ƙofar ta buɗe. Wannan na nuna cewa a tunanin marubutan, darash ba ya cika da ƙoƙarin mai nema kaɗai. Marubucin Tarihi na farko, a sura ta 10, ya ce Saul ya mutu don bai yi darash na Ubangiji ba, alhali littafin Sama'ila ya ce ya tambaya bai samu amsa ba. Aikatau ɗin da Sama'ila ya sa shi ne sha'al, takwaran sa'ala na Larabci. Masu sharhi da dama sun sasanta ruwayoyin biyu da cewa tambaya daban, darash daban.

Daga bakin annabi zuwa shafin littafi

Yadda kalmar tambaya ta koma kalmar karatu ana iya bin sawunsa a cikin littattafan kansu. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, wajen 622 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an tsinci wani littafin shari'a ana gyaran Haikali. Aka karanta wa sarki, hankalinsa ya tashi, ya tura babban firist Hilkiya da magatakarda Shafan da wasu su yi darash a madadinsa da na jama'a. Ba su buɗe littafin sun duƙufa a kansa ba. Wurin wata annabiya mai suna Hulda suka nufa. Littafi na hannu, amma amsa a bakin mutum take.

Bayan zaman Babila abin ya sauya. Ezra, malamin da ya iso Urushalima a shekara ta 7 ta sarautar Artashasta na Farisa, wadda yawancin masana ke lissafa wa 458, an ce a sura ta 7 ta littafinsa ya ƙudurta yin darash na Attaura, da aiki da ita, da koyar da ita. Abin da ake tsayawa gabansa da tambaya ya zama rubutu. A littattafan Tarihi, waɗanda su ma na bayan Babila ne, aikatau ɗin ya zo wajen sau 40, kuma a nan ne kaɗai sunan "midrash" ya bayyana, sau biyu, yana nufin wani rubutaccen bayani da marubucin ya dogara da shi. A takardun da aka fara ganowa a kogunan Ƙumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, akwai wani jagora da ake kira Doresh ha-Tora, mai tona Attaura. Bayan Rumawa sun rushe Haikali a shekara ta 70 miladiyya, babu bagade, babu annabi, sai littafi. Midrash ya zama sunan fannin tafsiri sukutum, "bet midrash" ɗakin karatu, "darshan" mai wa'azi, "derasha" wa'azin kansa.

Misali mafi kyau na yadda malaman ke aiki shi ne abin da suka yi wa kalmar darash ita kanta, a kan hukuncin tsintuwa. Maimaitawar Shari'a sura ta 22 ta ce wanda ya ga sa ko tunkiyar wani ta ɓata, bai san mai ita ba ko kuwa yana nesa, ya kai ta gida ya ajiye har mai ita ya zo. A Ibrananci an faɗi zuwan mai ita da sunan aiki, derosh, sannan kalmar "ɗan uwanka" ta biyo. Hausa ma na da irin wannan harshen damo. Idan aka ce "binciken ɗan uwanka", ana iya nufin binciken da ya yi, ana iya nufin wanda aka yi masa. Ma'anar fili ita ce ta farko, kuma malaman sun san haka. Amma Mishna, kundin hukunce-hukuncen da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ta ɗauki ta biyu ta kafa doka a kai: mai tsintuwa ba zai miƙa kaya ba sai ya binciki mai da'awa, ko maƙaryaci ne ko a'a. Wanda ya ambaci kayan bai faɗi alamominsu ba, ba a ba shi. Wanda aka sani da damfara kuwa, ko ya faɗi alamomin, ba a ba shi. Talmud ya ƙara da cewa da mayaudara suka yi yawa, sai aka wajabta wa mai da'awa ya kawo shaidun da za su tsaya a kan halinsa. Wanda ya karanci babin tsintuwa a fiƙihun Musulunci, inda ake cigiya shekara guda kuma mai kaya ya siffanta jaka da igiyar ɗaurinta, zai ga damuwar iri ɗaya ce.

Haka lamarin shaidu. Maimaitawar Shari'a ta yi amfani da darash a surori na 13 da 17 da 19 wajen hana yanke hukunci a kan jita-jita. A sura ta 13, idan labari ya zo cewa wani gari ya koma bautar gumaka, an jera aikatau uku kafin a ɗaga takobi: darash, da haƙar, wato tono, da sha'al. A ta 19, alƙalai ne za su yi darash sosai a kan mai shaida, idan ya tabbata na zur ne a ɗora masa hukuncin da ya so a ɗora wa ɗan uwansa. Daga nan malaman suka fitar da tsarin yi wa shaidu tambayoyi da suka kira derisha da haƙira, Mishna kuma ta ce ya hau kan shari'ar kuɗi kamar yadda ya hau kan ta rai. Sai suka lura da wata illa. Idan mai ba da rance ya san shaidunsa na iya tuntuɓe a kan rana ko sa'a ya yi asarar kuɗinsa, zai daina bayarwa, kuma talaka mai neman rance ne zai kwana a ciki. Saboda haka suka sassauta tambayoyin a shari'ar bashi, suka bar tsananinsu a inda rai ke kan gaba. Hukunci ne na mutanen da suka san kasuwa.

Ta fuskar Larabci, tsofaffin ƙamusai sun ba darasa ma'anoni da suka girmi karatu: shafewar alamar kufai, da sussukar alkama. Wilhelm Gesenius, Bajamushen da ya rasu a 1842 wanda ƙamusunsa ya zama tushen nazarin Ibrananci na zamani, ya ga asalin saiwar a takawa da murzawa, kamar yadda ƙafa ke fitar da turba saboda yawan bi. A ganinsa daga nan aka samu yawan zuwa wuri, sannan tambaya, sannan nazari. Wasu masana na ganin ma'anar karatu a cikin Larabci ta tsiro, wasu kuma na ganin ta ratso ne daga maƙwabta masu Aramiyanci da Ibrananci. Abin da ke fili shi ne a wuraren da saiwar ta zo a Alƙur'ani, kamar Suratu Ali Imrana aya ta 79 da Suratul An'am aya ta 156, maganar nazarin littafi ake yi, kuma littattafan hadisi da sira sun ambaci "baitul midras", ɗakin karatun Yahudawan Madina. Daga wannan saiwa Larabci ya gina madrasa da mudarris da dars, Hausa kuma ta ari darasi. Ba gadon dangi ba ne, duk da cewa Hausa da Larabci da Ibrananci sun haɗa kaka can nesa. Aro ne ta hanyar malamai. Abin sha'awa, Hausa ta riga ta yi irin wannan tafiya da kayanta: daga "bi", na bin hanya, ta fitar da "bita".

A Ibranancin yau, wanda aka farfaɗo da shi a matsayin harshen gida da kasuwa tun ƙarshen ƙarni na 19, kalmomin biyu sun ƙara nisa da juna. Biƙƙesh ya yi laushi ya koma roƙo, har daga gare shi aka samu bevaƙasha, wato "don Allah". Darash ya riƙe fuskar mai bin haƙƙi: ƙungiyar ma'aikata da ke buƙatar ƙarin albashi darash take yi, buƙatar kuma derisha ce. Shafin tallar guraben aiki a jarida sunansa drushim, waɗanda ake nema. Tsohuwar ma'anar kula da lafiyar wani ta saura a gaisuwar da ake ba matafiyi ya kai gida, drishat shalom, wadda masu sauri ke taƙaitawa su ce dash.